Kafin Ɗan Dandatsanka Ya Ce "Na Gano Gidansa"

 

Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a littattafan da muke saki a Wattpad da zaurukan WhatsApp, musamman labaran bincike da na garkuwa da mutane. An sace 'yar Alhaji, ko kuma wani ya buɗe shafin bogi yana watsa hotunan amarya ana saura kwana uku ɗaurin aure. Sai a kira wani saurayi mai farin gilashi da kwamfutar cinya. Ya danna madannai na minti biyu, ya ɗago kai ya ce, "Na samu IP ɗinsa. Yana Hotoro, layi na uku, gida mai jan get." Kafin la'asar an kama mugu, mai karatu ya yi ajiyar zuciya, marubuci ya sha yabo.

Ra'ayina shi ne wannan fitowar ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai illa da ke bin mai karatu har bayan ya rufe littafi. Duk marubucin da zai saka ɗan dandatsa ko ɗan sandan intanet a labarinsa, wajibi ne ya zauna ya koyi tushen adireshin IP tukuna. Abin ba ya cin fiye da yammaci biyu. Difloma kawai na yi a kimiyyar kwamfuta, kuma duk abin da zan faɗa a nan karatun 'yan ajin farko ne. Idan ɗalibin da bai gama sanin hanyar ɗakin karatu ba zai iya fahimtarsa, mai iya riƙe taurari ashirin a kansa har shafi ɗari uku ba zai kasa ba.

MENE NE ADIRESHIN IP?

Saƙon da kake aikawa a intanet ba ya tafiya a dunƙule. Gutsura shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da lambobi biyu a goshinsa: inda ya fito da inda za shi. Waɗannan lambobi su ne adireshin IP. Haruffan biyu kuwa gajarta ce ta sunan ƙa'idar da na'urori suka yarda su bi wajen miƙa wa juna ƙunshin. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka shimfiɗa tushen tsarin a wata takarda a 1974, aka rubuta ƙa'idar da muke amfani da ita a 1981, sannan ranar 1 ga Janairun 1983 hanyar sadarwar ARPANET ta Amurka ta koma kanta gaba ɗaya.

Adireshin da aka fi sani, wanda ake kira IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.8.100. Kowace lamba daga 0 take farawa, a 255 take tsayawa. Dalilin tsayawar shi ne kwamfuta abu biyu ta sani, kunne da kashe. Ka ɗauka an jera ƙwan fitila takwas, aka ba kowanne daraja: na farko 128, na biyu 64, sai 32, 16, 8, 4, 2, da 1. Ka kashe su duka, ka samu 0. Ka kunna biyun farko, ka samu 192. Ka kunna su duka, jimillarsu 255, babu kuma fitila ta tara da za ta kai ka gaba. Kowace fitila ita ake kira bit, jeri huɗu kuma ya ba ka bit 32.

Saboda haka marubucin da ya rubuta cewa adireshin mugu 412.77.903.5 ne, daidai yake da wanda ya rubuta cewa an ɗaura aure ranar 45 ga watan Maris. Mai karatun da ya sani, a nan zai daina yarda da kai, ko da sauran labarin ya tsaru.

UNGUWA DA GIDA

Adireshin kashi biyu ne: ɓangaren da ke nuna unguwa, da ɓangaren da ke nuna gida a cikin unguwar. Abin da ke shata iyakar kuwa wata lamba ce da nake kira shingen unguwa, wadda galibi za ka gan ta a wayarka a matsayin 255.255.255.0. Ma'anarta lambobi ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida. A misalinmu na sama, unguwar ita ce 192.168.8, gidan kuma 100. Irin wannan unguwa tana da lambobi 256, amma 254 ake rabawa, domin ta farko sunan unguwar ce kanta, ta ƙarshe kuma an ware ta don shela, wato saƙon da ake son kowa a unguwar ya ji.

Idan wayarka za ta yi magana da wata na'ura, sai ta fara duba shingen. In unguwarsu ɗaya, kai tsaye za ta miƙa saƙo. In ba haka ba, sai ta kai wa ƙofar unguwa, wato rauta, ita kuma ta miƙa wa ta gaba, har saƙo ya isa. Babu rautar da ta san hanyar duka daga farko har ƙarshe. Kowace ta san wanda za ta miƙa wa ne kawai, kamar yadda direban Kano ke sauke saƙon Gashuwa a Potiskum ya damƙa wa wata motar.

DA LAMBOBI SUKA YI KAƊAN

Bit 32 na ba da adireshi 4,294,967,296. A 1981 wannan ya yi kama da dukiyar da ba ta ƙarewa. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, da yawa kuma suna da na'ura fiye da ɗaya. Hukumar IANA ce ke riƙe da babban rumbun, tana raba wa hukumomin yanki guda biyar, su kuma su raba wa kamfanonin sadarwa. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishus. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 IANA ta raba ragowar manyan kaso biyar da suka rage mata, ɗaya ga kowace hukuma, rumbu ya zama wayam.

Tun kafin a kai ga haka masana suka nemo dabara, kuma wannan dabarar ita ce ta rushe fitowar ɗan dandatsanmu. A 1994 aka ware wasu lambobi a matsayin na cikin gida: duk wanda ya fara da 10, da waɗanda suke daga 172.16 zuwa 172.31, da duk wanda ya fara da 192.168. Kowa na iya amfani da su a gidansa ko ofishinsa, amma ba sa fita babban titin intanet. Shi ya sa 192.168.8.1 da ke buɗe maka shafin saitin ƙaramar na'urar waifai ta Huawei a Zariya, ita ce dai ke buɗe wa wani tasa a Damagaram. Miliyoyin na'urori na amsa wannan lamba a lokaci guda, ba tare da rikici ba.

To ta yaya saƙo ke fita? Ku tuna akwatin gidan waya na makarantar kwana. Ɗalibai dubu ne, akwati ɗaya. Duk wasiƙar da ta fita, adireshin makaranta take ɗauka. Duk wadda ta shigo, akwatin take faɗawa, sai mai rabon wasiƙu ya duba ya san ta wane ɗaki ce. Wanda ke waje makaranta kawai ya sani, bai san ɗaki ba, balle gado. Rautar gidanka haka take yi: tana cire lambarka ta ciki ta manna tata ta waje, ta rubuta a littafinta wane ne ya aika me, in amsa ta dawo ta miƙa masa. Wannan shi ake kira NAT.

Kamfanonin waya sun ɗauki dabarar sun faɗaɗa ta. Akasarin masu hawa intanet da data, lambar ciki kamfani ke ba su, sai a fitar da tarin masu layi ta ƙofa ɗaya mai adireshi ɗaya. Har an ware musu wani kaso na musamman a 2012, wanda ya fara daga 100.64. Ƙari a kan haka, lambar aro ce. Ka kashe data ka kunna, tana iya canzawa, wadda ka bari kuma a ba wani.

Maganin dindindin shi ne IPv6, mai bit 128, wanda yawan adireshinsa lamba ce mai alƙaluma 39. Kamanninsa daban ne, haruffa da lambobi a gauraye, kamar 2001:db8::1. Manyan kamfanoni sun kunna shi gaba ɗaya ranar 6 ga Yunin 2012, amma har yau tsohon tsarin na nan daram, su biyun suna tafiya tare.

ABIN DA ADIRESHIN KE FAƊA DA WANDA BA YA FAƊA

Idan ka samu adireshin mutum na waje, za ka iya sanin kamfanin da ya mallaki lambar, da ƙasar, wani lokaci da kirdadon birni. Kirdado na ce, domin babu taswira a cikin lambar. Wasu kamfanoni ne ke tattara bayanai suna hasashen inda kowane kaso yake. Mutum na zaune a Gusau, shafin duba adireshi ya ce masa yana Legas, saboda ta can kamfaninsa ke fitar da shi. Kowa na iya gwada wannan a wayarsa yanzu.

Abin da dogaro da wannan kirdado ya jawo a Amurka ya isa darasi. Wani kamfanin taswirar adireshi mai suna MaxMind, idan ya san lamba ta Amurka ce amma bai san garin ba, sai ya ɗora ta a kan wani wuri kusa da tsakiyar ƙasar. Wurin ya faɗa a kan wata gona kusa da garin Potwin a jihar Kansas. Adireshi fiye da miliyan 600 suka riƙa nuna wannan gona. Shekara da shekaru mutanen gidan suna karɓar baƙin da ba su gayyata ba: jami'an tsaro masu neman ɓarayi, waɗanda aka damfara suna neman kuɗinsu, masu zagi ta waya. Sai a 2016 'yar jarida Kashmir Hill ta bankaɗo dalilin, kamfanin ya matsar da alamar zuwa tsakiyar wani tafki. Duk waɗanda suka je ƙofar gidan nan sun yi imani da abin da ɗan dandatsanmu ke faɗa a littafi, cewa lamba tana nuna gida.

Hanyar gaskiya ta gano mutum doguwa ce. Na farko, mai karanta rubutunka a Facebook ba ya ganin adireshinka. Kamfanin ne ke gani. Wanda ke son samu, sai dai ya yaudare ka ka latsa wani mahaɗi da ke kai ka shafin da shi ke iko da shi, ko kuma hukuma ta nema daga kamfanin ta hanyar doka. Na biyu, ko an samu lambar, sai an haɗa da ainihin lokaci, har daƙiƙa, da lambar ƙofar da saƙon ya bi, sannan kamfanin waya ya duba littafinsa ya ce a wannan lokacin layi kaza ne. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye irin waɗannan bayanai na shekara biyu, kuma tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN. Na uku, bayan duk wannan wahala, abin da aka samu shi ne sunan wanda ya yi rajistar layi. Wanda ya riƙe wayar a wannan daren, wannan kuma wani binciken ne.

Sai kuma VPN, wanda da yawanmu suka san shi lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Aikinsa shi ne ya ɗauki saƙonka ya fitar ta wata ƙofa a wata ƙasa, shafin da ka ziyarta ya ga adireshin can. Bai mai da kai aljani ba, domin mai VPN ɗin yana ganin inda ka fito, kuma idan ka shiga shafinka da sunanka, ka riga ka gabatar da kanka.

"AI LABARI NE, BA DARASI BA"

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Ƙagaggen labari yana da 'yancinsa. Muna rubuta aljanu da tsafi, babu mai tambayarmu hujja. Mai karatu nishaɗi ya zo nema, kuma babu abin da ke kashe labari kamar marubucin da ya tsaya yana koyar da lissafi a tsakiyar tashin hankali. Na yarda da wannan na ƙarshen ɗari bisa ɗari. Ba na son ganin jerin fitilu takwas a babin da aka sace amarya.

Amma akwai bambanci. Mai karatu ya san ya shiga duniyar almara idan aljani ya fito. Idan kuwa ka rubuta Kano ta yau, da wayar da ke hannunsa, da manhajar da yake buɗewa kullum, ɗauka yake abin da ka faɗa haka yake. Ga da yawa daga masu karatunmu, musamman 'yan mata da matan aure da ke bin labari babi-babi a waya, littafin nan shi ne wuri na farko da suka taɓa jin kalmar IP. Abin da muka koya musu shi ne duk wanda ya iya kwamfuta zai iya sanin ɗakin kwanansu cikin minti biyu. Ranar da wani ɗan iska ya turo saƙo ya ce, "Na san gidanku ta IP ɗinki, ki turo kuɗi ko in zo," wadda ta karanta littafinmu ta riga ta yarda tun kafin ya gama magana. Mu muka share masa hanya. A ɗaya ɓangaren kuma, saurayin da ya ga shafi ya nuna masa wata unguwa zai iya ɗora zargi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma bai kamata a ce alƙalaminmu ne ke ƙara duhun ba.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne gaskiyar ta fi ƙaryar daɗin labari. A fitowar da muka saba, matsala ta ƙare a shafi ɗaya. A gaskiyar kuwa, ga abin da ke hannunka: adireshi ya kai 'yan sanda gidan wani malamin makaranta, alhali yaron maƙwabta ne ya san kalmar sirrin waifai ɗinsa. Layi ya fito da sunan wata tsohuwa da jikanta ya yi rajista da katinta. Agogon wata na'ura ya yi kuskuren awa ɗaya, aka kama wanda ya gaji lambar bayan mai laifi ya sauka. Jami'i na jiran amsar kamfani, masu garkuwa sun ba da wa'adin kwana uku. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi guda, kuma duk daga sanin yadda NAT ke aiki suka fito.

"HAUSA BA TA DA KALMOMIN"

Wannan ita ce hujja ta biyu, kuma ita ce mafi rauni. Tun zamanin Abubakar Imam da Rupert East aka rubuta Ikon Allah, aka bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausar da ɗan firamare zai gane. A zamaninmu, Baban Sadiq ya shafe shekaru yana rubutu kan fasahar sadarwa a jaridar Aminiya. Kalmomi irin su manhaja da kutse da ɗan dandatsa, da can babu su da wannan ma'ana. Wasu ne suka yi ta amfani da su har suka zauna.

Inda kalmar aro ta riga ta shiga bakin mutane, kamar data da rauta da waifai, a bar ta, a rubuta ta da haruffanmu. Inda babu, marubuci ya ƙirƙira, amma bayan ya fahimci abin. Shingen unguwa da na yi amfani da shi a sama ƙirƙirata ce, mai yiwuwa wani a cikinku ya zo da wadda ta fi ta. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka raɗa wa abu suna alhali ba ka san aikinsa ba. Matsalarmu ta fahimta ce, harshe kuwa yana nan yana jira.

ABIN YI A WANNAN MAKO

Ka shiga saitin waifai na wayarka, ka duba adireshin da aka ba ka, da shingen, da ƙofar. Sannan ka buɗe Google ka tambaye shi adireshinka. Za ka ga lambobin biyu sun bambanta. Na farko na ciki ne, na biyu na waje. Ka kashe waifai ka kunna data, ka sake dubawa, ka ga garin da aka ce kana ciki. Ka ɗauki lambobi uku, kamar 10 da 168 da 200, ka nemo fitilun da za ka kunna don samun kowace. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya wuce matakin da yawancin 'yan dandatsan littattafanmu suke.

Ga kuma kyauta ga mai son saka adireshi a labari ba tare da ya ɗora laifi a kan lambar wani ba. An ware kaso uku musamman don misali da rubuce-rubuce, ba a ba kowa su: duk wanda ya fara da 192.0.2, ko 198.51.100, ko 203.0.113. Ka ƙara lambar da kake so a ƙarshe, kar ta wuce 254. Adireshin zai yi kama da na gaske, masani zai gane ka yi bincike, kuma babu bawan Allah da za a je ƙofar gidansa.

Muna tambayar likita kafin mu rubuta fitowar asibiti, muna tambayar malami kafin mu rubuta hukuncin saki da idda, domin muna jin kunyar a kama mu da kuskure. Wayar da ke hannun mai karatu ta cancanci irin wannan kunyar. Wanda ke da fitowar ɗan dandatsa a littafin da yake rubutawa yanzu, ya kawo ta nan mu duba tare kafin ya saki babin. Masu kalmar da ta fi shingen unguwa, da masu sunan Hausa da za a ba NAT, ina saurarenku.